Taƙi Ɗaya Daga Ƙasa

Ranar da Zayyadu ya sayi jar motar nan, ranar ya fara rasa Siddiƙa.

A garejin Hamadi ne, cikin Arlit. Budurwar tasa ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin motar ta auna.

"Ko taƙi ɗaya babu tsakaninta da ƙasa," ta ce. "A kan tabarma za ka tuƙa ta?"

"Hasken idona, saurari kukan injin nan. Taɓa kujerar, fata ce zalla..."

"Na taɓa. Nawa ne?"

"Duk abin da aka sallame ni da shi da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan."

Hamadi ya murmusa. Shi ma ya nemi aurenta, kuma shi mahaifinta ya fi so, ita ce ta ƙi.

"Ga tsohuwar katkat can, motar jeji, doguwa, rabin kuɗi," ya ce. "Ita ce daidai mai haƙar rami. Wannan sai wanda ya isa."

"Zayyadu, don Allah ɗauki doguwar..."

Bai ko waiwaye ta ba. Ya miƙa hannu ya karɓi makullin jar motar.

Mahaifinta, da ya rantse ba zai ba marar aiki 'yarsa ba, ya ga motar a ƙofar gida, rantsuwa ta narke. Aka ɗaura aure.

Siddiƙa ba ta taɓa yi masa gori ba. Da ta yi, da ya samu abin faɗa. In cikin motar ya gogi ƙasa a hanyar kasuwa, sai ta maida ido ga taga. Ya sha haɗo maganar a bakinsa, girman kai ya haɗiye ta.

Da naƙuda ta zo, da jini ta zo. Likita ya ce sai Agadez, motar marasa lafiya kuwa ta riga ta tafi da wani.

Duk ɗan Arlit ya san hanyar nan: rami ya fi kwalta yawa. Jar motar da aka ce tana tsere da iska ta koma rarrafe. Da hantsi dutse ya farke wa motar ciki, mai ya tsiyaye cikin rairayi.

Ya riƙe hannun Siddiƙa, yana kallon hanya, babu kowa.

"Kar ka damu, maigida," ta ce da ƙyar. "Kujerar dai... akwai taushi."

Wata tsohuwar katkat ta masu haƙar zinariya ce ta ɗauke su bayan azahar. Ba su kai Agadez da ranta ba, balle na jaririn.

Hamadi ya zo ta'aziyya, ya taya motar a farashin tsohon ƙarfe.

Har yau motar tana tsakar gidan Zayyadu. Ko kaji ba sa iya shiga inuwarta. Wani lokaci yakan durƙusa ya zura hannu ya auna, ko taƙin ya ƙaru, maganar da bai faɗa ba tana nan a ransa:

"Siddiƙa, ke ce da gaskiya."