Yatsan da Mama Ke Bi

"To ki tafi mana! Na riƙe miki ƙafa ne?"

Haka Maikiɗa ya faɗa min a bayan coci, yana naɗe wayar piyano kamar ita ta yi masa laifi. Shekara uku muna soyayya, ban taɓa jin muryarsa da kaushi haka ba.

"Haba masoyina... shekara biyu ce fa kawai. Aikin jinya na samu a ƙasar waje, ba gudunka nake ba."

"Ni ki bar ta tawa. Mama fa? Wa zai zauna kusa da ita?"

Nan ya taɓa min inda ke ciwo. Tun da kunnen Mama ya mutu, ni ke zama a damanta kowace Lahadi a benci na uku, littafin waƙoƙi a cinyarmu. Yatsana na bin layi, tana rerawa. In na tsaya, ta tsaya. Shekara tara ke nan. Yayana direba ne, Lahadi ba ta samunsa a gida.

Kwana shida ko gaisuwa Maikiɗa bai turo min ba. Ni kaɗai nake haɗa kaya, in ninke riga in share hawaye. 'Yan sallama na ta shigowa da tsokana, "Kada fa ki manta da mu talakawa!" In yi dariya, zuciyata kuwa kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Ran Asabar na ga Mama ta ɗora littafin waƙoƙinta can saman kabad. Na tambaye ta da hannu.

"Na yi waƙar da ta ishe ni," ta ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa. "Ubangiji ya buɗe miki hanya, 'yata. Godiya zan yi, ba kuka ba."

Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Washegari Fasto ya kira ni gaba don addu'ar godiya. Na durƙusa, ya ɗora min hannu, aka ɗauki waƙa. Sai na ji babu piyano, muryoyi ne zalla.

Na buɗe ido ɗaya, Allah ya gafarta min.

Kujerar kiɗa ba kowa! Ga Maikiɗa can a gurbina, ya buɗe nasa littafin a cinyar Mama, ƙaton yatsansa na bin layi. Garin rawar jiki ya yi gaba ya bar ta. Mama ta make masa hannu.

"Kai, a hankali! Korarka ake yi?"

Duk coci aka kwashe da dariya, har Fasto. Ni kam kuka nake kamar ƙaramar yarinya.

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa.

"Piyanon fa?"

"Wani zai koya. Mama guda ce."

"Ka huce ke nan?"

"Ina! Ban huce ba. Je ki ki dawo, 'yar Mama... za ki same ni da fushina a benci na uku."

Ran Litinin ina cikin jirgi, tsakanin mutum biyu da ko harshensu ba na ji. Na ce, "Na gode, Yesu," a hankali, na ɗauko waƙar jiya a zuci. Ina sunkuyawa na ga yatsana yana tafiya a kan cinyata, layi bayan layi, ba mai binsa.