Arzika Maƙeri da Tasar Farisa

A shekara ta bakwai ta sarautar Tamu a Maiyama, da kaka, bayan an ɗaure gero, wani ayari ya sauka a Jega da tasar azurfa. Fataken suka ce a ƙasar Farisa aka haƙo ta, aikin mutanen da suka shuɗe tun kafin Musulunci. A cikinta an zana mahayi a guje, ya waiwaya yana harba kibiya. Sarki ya saye ta, ya damƙa amanarta ga Arzika, shugaban maƙeran azurfa na fada.

Arzika dattijo ne, shi kaɗai a gidansa tun rasuwar matarsa Gudiya. Yakan bi zanen da yatsa, yana gane inda hannun wancan maƙeri ya yi rawa da inda ya gyara, har ya riƙe shi abokin zama, alhali ko sunansa bai sani ba.

Da Tamu ya rasu, ƙanensa Galadima Lauwali ya ƙi yarda a naɗa Yarima Ɗantani, ɗan Tamu, ya kewaye garin da mayaƙa. Kwana arba'in ba shiga ba fita. Yarima ya kira Arzika ya ce, "Narka tasar nan, ka ƙera zobba goma sha biyu. Jarumawan Galadima za a aika wa, su juya mashi baya."

Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, wanda ya yi ta ba shi da sauran shaida a duniya sai ita."

"Ni ma ba ni da wani gari sai wanga. Tafi."

Arzika ya hura wuta, ya ɗauki tasar, ya kasa jefa ta. Sai ya fito da mundaye da warwaron Gudiya, iyakar abin da ya rage masa nata, ya narka, ya ƙera zobban da su. Zobba suka isa sansanin Galadima, jarumawan suka watse, Galadima ya gudu.

Bayan naɗi, Arzika ya kai tasar fada, ya faɗi abin da ya yi, yana zaton za a yi murna. Sabon sarki ya ce wanda ya saɓa umarni ranar tsanani zai sake. Aka tuɓe shi, aka kore shi zuwa Aliero. Tasar kuwa aka ba wani ya narka, aka yi wa kuben takobi ado.

Masu tarihi sun ce a damina ta uku da korarsa Arzika ya rasu, cikin manoma da ba su taɓa sanin sana'arsa ba. Sarauta takan yafe wa maƙiyin da ya rusuna, amma da wuya ta yafe wa baran da ya cece ta ta hanyar da ba ita ta zaɓa ba. Allah ne masani.