Ƙanzon Tukunyar Safara'u

Ranar Lahadi da hantsi, Safara'u na tsakar gidansu a unguwar Maamobi tana tsintar wake, sai ga Hajiya Amama ta yi sallama da ƙullin goro a hannu. Amama yayar Malam Iddrisu ce, telan nan na unguwar Kokomlemle da matarsa ta rasu shekara huɗu baya.

Safara'u ta dakata da tsintar waken. Shekararta hamsin da bakwai, goma ke nan da rasuwar mijinta, kuma da sayar da waakye, shinkafa da wake, ta raini 'ya'yanta. Shekara biyu kullum Malam Iddrisu sai ya wuce masu waakye sun fi goma ya zo wurinta, ya jira layi ya watse, sannan ya ce, "A kankaro mini ƙanzo." Ta san ba yunwa ke kawo shi ba. Ita ma tana sonsa, bakinta ne dai ya yi nauyi.

"Ƙanena ya aiko ni," in ji Amama. "Yana son mai waakye da aure."

Zulkarnaini, babban ɗan gidan, ya miƙe zumbur. "Hafiza? Wannan dattijon?"

Hafiza, autar da ke taya uwarta ciniki, tuni ta fara hawaye. "Mma, kin san Muftahu nake so."

Amama ta bari suka gama. "Hafiza ƙulla leda kawai take yi. Mai dafawa nake nufi."

Sai Zulkarnaini ya fashe da dariya, kuma wallahi gara zagi da wannan dariyar.

"Mma? Mma ya tsufa kuraa, tukuf," ya faɗa da Hausarsu ta Zongo, wadda mace ma "ya" ce. "Jika huɗu fa! Ta ina zan bi a unguwar Nima? Kuma wa zai riƙe yara in matata ya tafi kasuwar Makola? Hajiya, filis ɗauki goronki."

Babu wanda ya tambayi Safara'u. Ta kwashi wakenta ta shige ɗaki, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun tana takaba.

Mako uku Malam Iddrisu bai leƙo ba, don ba ya son ya haɗa uwa da ɗa faɗa. Safara'u ta ci gaba da ciniki, ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Amma kullum in an tashi sai ta kankare ƙanzon a kwano, ta rufe, ta ajiye gefe, ta riƙa kallon titi. Hafiza na gani, har abin ya ishe ta. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ta janyo yayanta wurin cinikin, ta nuna masa kwanon.

"Na wa ne wannan, Mma?" ya tambaya.

"Ka sani." Safara'u ta goge hannu da zane. "Zauna, Zulkarnaini. Bara kawunka Tajudeen ya yi aure yana da shekara saba'in. Wa ya kafa rumfa, ya jera kujeru?"

"Ni ne."

"Me ka ce wa mutane?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce ya raya sunna."

"To sunnar ta maza ce su kaɗai? Ni da na tsufa, zuciyar tawa cire ta aka yi aka ajiye a Makola? Jikokina ina sonsu, amma ni ba 'yar raino ba ce. Kuma ka sani, ba izininka nake jira ba, addini bai ɗora mini wannan ba. Na yi shiru ne don ina so ranar ta zo kana murna, ba kana ɓuya ba."

Kunya ta lulluɓe shi, idonsa ya kawo ruwa. Sai a lokacin ya tuna cewa tun rasuwar babansa bai taɓa tambayarta ko kaɗaici na damunta ba.

"Mma, ki yafe mini."

Ya ɗauki kwanon da kansa, ya hau tro-tro, motar haya, har Kokomlemle. Malam Iddrisu ya tsayar da keken ɗinki, ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, yara na rububin saman tukunya," ya ce a hankali. "Wanda ya san abinci, na ƙasa yake jira, don shi ya sha wuta."

Bayan wata ɗaya aka ɗaura aure. Haƙuri ya yi rana, kuma duk wanda ke ganin tsufan mace laifi ne alhali na namiji girma ne, sai ya sake tunani, don furfura ba ta kashe so. Ranar bikin, Zulkarnaini ne ya kafa rumfa ya jera kujeru. Da wani abokinsa ya matso yana 'yar dariya, ya tambaye shi auren wa ake yi, sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Na uwata ne. Ya raya sunna."