Ƙaryar da Nshoma Ta Yi a Jirgin Mwanza

Sai da Nshoma ta gama ɗaura bel ta ɗago kai, sannan ta ga wanda yake tsaye yana jiran ta matsa ya wuce kujerar taga. Dastan Mwakalinga! Jarumin da tun tana sakandare take liƙa hotunansa a bayan ƙofar ɗakinta. A bayansa ga Siwema, dattijuwar da kullum take fitowa a muguwar suruka, tana mitar sanyin jirgi.

Suka saka ta a tsakiya. Kafin jirgin ya bar Dar es Salaam har ta gama lissafa musu finafinansu, da wanda ya sa ta kuka, da wanda ta kwana tana tsine wa Siwema. Dattijuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai a kasuwa ma wata mata ta taɓa jifanta da tumatir.

"To kyakkyawa, wane mai sa'ar ne yake jiran ki a Mwanza?" in ji Dastan, da muryar nan tasa mai sanyi.

Nshoma ta ja gefen mayafinta ta rufe zoben hannunta.

"Babu kowa... ni ban yi aure ba."

Siwema ta dubi hannun, ta kawar da kai.

Alhali tun farkon damina Nshoma ta bar gidan mijinta Shija, ta tare wajen yayarta a Dar es Salaam. Ba duka, ba zagi. Cewa ta yi ta gaji da mutumin da bai iya kalma mai daɗi ba, kullum sai ya dawo daga gyaran injin kwale-kwale yana ƙarnin kifi da baƙin mai. Har ta taɓa ce masa ya zauna ya kalli Dastan ko ya koyi yadda ake yi wa mace magana. 'Yarsu Limi ma a hannun mahaifiyarsa ta baro ta. Jiya ne Shija ya kira, ya ce Mama, mahaifiyar tasa, tana asibiti, ba sunan da take kira sai nata. Shi ya yankar mata tikiti.

Ƙaryar tana fita daga bakinta ta fara nadama. Aka kawo shayi ta kasa sha. Tana ji Dastan ya juya yana kiran ma'aikaciyar jirgi kyakkyawa, da muryar nan dai, ba ragi ba ƙari. Da suka fara sauka ta hango babban tafkin da ke gefen Mwanza, ƙananan jiragen masunta birjik a kansa. Wataƙila rabinsu hannun Shija ne ya tayar da injinsu. Ta so ta ce wasa take yi, tana da miji har da 'ya. Sai ta ɓuge da ƙara jan mayafi a kan zoben.

Tare suka fito, Dastan riƙe da jakarta, mutane na ta ɗaga waya.

"Mama!"

Limi ce ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafafunta. A bayanta Shija ne, sanye da farar rigar da ya ɗaura aure da ita, ya rame har wuyan ya yi masa yawa.

Dastan ya ƙyalƙyale da dariya, shi a wasa ya ɗauki abin.

"Au, 'yar'uwa, ba ke kika ce mana ba ki yi aure ba?"

Nshoma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shija ya ji, ta ga lokacin da maganar ta same shi. Amma sai ya miƙa wa Dastan hannu, ya ce matarsa ba ta da gwani kamarsa, ya roƙe su su tsaya ya ɗauke su hoto. Suka tsaya, ya ɗauka. Siwema ta matso kamar za ta gyara mata mayafi, ta raɗa mata cewa soyayyar finafinansu ta kamara ce, nata masoyin kuwa ga shi tsaye, ta bi shi.

A tasi Limi ta yi ta ba da labarin haƙorinta da ya fita. Sai a barandar asibiti Nshoma ta riƙo hannun rigarsa.

"Baban Limi... ka ce wani abu. Ko zagina ne ka yi."

"Me zan ce?" Ya sunkuyar da kai. "Ni ban iya magana ba, kin sani. Kullum sai na ɗauki waya zan kira ki, in rasa ta inda zan fara, in ajiye."

"Ka yafe min. Wallahi tun a sama nake jin kunyar kaina."

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya sa babban yatsansa mai kaushi ya share mata hawaye, ya ce ta wanke fuska kafin su shiga. Mama ba ta san yaji ta yi ba, shi ya ce mata wani kwas na ƙaro karatu ta tafi, don kada tsohuwar ta riƙe ta a zuciya.

Nan kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya.

Sun tarar da Mama a kishingiɗe, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zanen gado. Tana ganin Nshoma fuskarta ta washe, ta miƙo hannu da ƙyar.

"'Yata, kin gama karatun?"

Nshoma ta durƙusa a gefen gadon, ta kifa goshinta a tafin tsohuwar. Ta ji hannun Shija ya sauka a kafaɗarta, da nauyinsa da ɗuminsa.

"Na gama, Mama," ta ce. "Na dawo gida."