Bindiga ta Biyu

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Badamasi ya tsallako titin Kefi da galan ɗin fetur a hannu, yana ta tsaki. Tun safe babu wuta. Lita huɗu ya samu wajen 'yan bumburutu, su ma sai da suka ja masa rai. Ya ratsa kasuwar Masaka, masu tumatir na tattara kayansu, ya shige lungun da shagonsa yake.

Duk unguwar an san hannun Badamasi. Talabijin ne, rediyo ne, bidiyo ne, in ya taɓa sai sun yi magana. Yana iya ɗiga dalma a kan wayar da ba ta fi silin gashi ba, hannun ko motsi. Da hannun nan yake ci, da shi ya yi aure, da shi yake taƙama. In za a faɗi gaskiya, taƙamar har ta yi yawa.

Ana haka Madam Prudence ta kawo masa abin da ya hana shi sukuni. Lokacin kuɗi sun shigo Abuja, kowa sai buɗe wurin shaƙatawa yake, ita ma za ta buɗe nata a Wuse. A wani sito a Dei-Dei da ya shekara tara a kulle ta tsinto wata tsohuwar na'urar wasan harbi. Akwati ce da ta fi mutum tsayi, da gilashi a gaba da bindigogin roba biyu, ja da shuɗiya, kowace ɗaure da waya mai kauri. Ta ce irinta ta ƙare, ko a ƙasar da aka ƙera ta.

Mako uku ya yi a cikinta. Ya kwashe kashin ɓera, ya jona abin da ya tsinke, har ta tashi da kiɗanta da komai. Abu ɗaya ya rage: da an kai mataki na biyar sai hoton ya daskare. Da safen nan ya canja abin da yake zargi, amma ba zai san ko ya dace ba sai an buga wasan an kai wurin. Ga shi kafin nan, a cikin wasan, akwai wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo biyu, ɗaya a kowace kusurwa, wadda ba ta buɗewa sai mutum biyu sun harbe su lokaci guda.

Da rana Madam ta bugo waya ta ce, "Oga Badamasi, gobe da safe direba zai zo. In bai gyaru ba ka faɗa mini, in kai Legas wajen waɗanda suka iya."

Waɗanda suka iya! Maganar nan ta tsaya masa a rai.

Ya zuba fetur, ya ja janareta sau shida kafin ya kama. Sannan ya buga wa Ebenezer waya, maƙwabcinsa mai walda, wanda ya saba riƙe masa shuɗiyar bindigar.

"Oga Bada, gosulo ya kama mu tun Nyanya," in ji Ebenezer. "Moto ba ya motsi sam. Wallahi sai dai gobe."

Badamasi ya jefa wayar kan tebur. Aka kira sallar magariba, lungun ya watse, masu shaguna suka ja ƙofofinsu. Ya ce bari ya gwada sau ɗaya tukuna ya je masallaci.

Ya riƙe bindigogin biyu, ɗaya a kowane hannu. A gilashin, jirgin ruwa ne 'yan fashi suka mamaye. Ya kai ƙofar, ya harbi kwaɗon dama, na hagu ya kuskure, aka kashe shi. Ya sake. Ya ɗaure shuɗiyar a jikin kujera da roba, ya sa zare a kunamarta ya ja da haƙori. Abin dariya, in da akwai mai gani. Sau bakwai yana zuwa ƙofar nan ana maido shi farko. Gumi ya jiƙa masa riga, hayaƙin janareta ya cika shagon, sauro na cin ƙafarsa.

Ya kwance bindigar, ya maka ta cikin gidanta. Ya jefa kwandala a ramin ɗan wasa na biyu, don tsabar haushi, ya juya ya kalli ƙofar shagon.

"Wai duk garin nan ba mai zuwa ya kama mini? Ko waye, ya zo mana!"

Tun yana ƙarami a gida aka hore shi, da almuru ba a kira sai da suna, don ba ka san wa zai amsa ba. Haushi ne ya mantar da shi.

Ya koma wasansa. Wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Saurayen suka yi tsit. Gefen jikinsa na hagu ya ɗauki sanyi, kamar wanda ya tsaya kusa da randa.

Ƙyas.

Ɗan fashin da ke kusurwar hagu ya faɗi. Ba shi ya harbe shi ba.

Bai juya ba. Ta wutsiyar ido ya ga wayar shuɗiyar bindigar ta miƙe. Bindigar na tsaye a iska, daidai kafaɗar dogon mutum.

Nan ne mai hankali zai bar takalminsa ya arce. Amma ga ƙofar ƙarfen ta bayyana a gilashi, ga mako uku na wahala, ga maganar Legas. Ya ce a ransa, harbi ɗaya kawai.

Suka harba tare. Kwaɗunan suka tarwatse, ƙofar ta buɗe.

Mataki na biyar ya shigo, ya wuce sumul, hoton ko ƙyaftawa bai yi ba. Gyara ya yi. Wallahi har daɗi ya ji, na ɗan lokaci.

"To, alhamdu..." Bakinsa ya kasa ƙarasawa. Ya yi ƙoƙarin ajiye bindigar.

Yatsunsa suka ƙi buɗewa.

Ya yarfa hannun. Ya sa na hagu don ya ɓamɓare ta. Robar ta manne da tafinsa, tana ɗumi, tana ƙara ɗumi. Ɗan yatsansa kuwa sai jan kunama yake, ba da izininsa ba.

"Na gode," ya ce cikin raɗa. "Ya isa haka."

Numfashi ya sauka a kunnensa na hagu, mai sanyi, mai warin ƙura.

"Kai ka kira."

"Na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

"Na daɗe ba abokin wasa."

A waje janareta ya yi tari sau biyu, ya mutu. Ƙwan fitila ya ɗauke. Fanka ta tsaya.

Gilashin bai mutu ba.

Mataki na shida. Na bakwai. Wasan nan matakai shida gare shi, Badamasi ya karanta takardarsa. Yanzu babu jirgi, babu 'yan fashi. Wani dogon ɗaki ne mai duhu, cike da tsofaffin akwatuna, hoton na tafiya ciki, yana ƙara nisa.

Sanyin ya kama wuyan hannunsa. Ya hau gwiwar hannu. Ya daina jin yatsunsa, sai ƙarar kunamar kawai.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Hannun ya fara ja gaba, wajen gilashin. Tsinin bindigar ya taɓa shi. Ya shige, kamar an tsoma cikin ruwa.

Ya lalubi tebur da hagu. Sukudireba. Dalma. Filaya mai yanka.

Ya san wayar bindigar nan. Jijiyoyi goma sha biyu ne a cikinta, kwana huɗu ya yi yana jona su, kuma babu irinta a kasuwa. Ya ɗora bakin filayar, sai ya tsaya. Har a wannan halin sai da ya ji ciwon aikinsa.

Gilashin ya haɗiye yatsunsa.

"A'uzu billahi!"

Ya datse.

Wani abu ya yi ƙara a kunnensa, ba ta mutum ba, ba ta inji ba. Ya faɗi da baya kan tulin talabijin. Da rarrafe ya fita, bindigar na manne a hannunsa, bai tsaya ba sai ƙofar masallaci. Mutum uku suka taru kafin a ɓamɓare ta.

Da safe direban Madam ya kwashi na'urar da guntuwar wayarta. Badamasi bai fito ba, bai kuma tambayi inda aka kai ta ba. Hannun ya dawo bayan sati biyu na tofi da shafe-shafe, yana riƙe cokali, yana gaisawa da mutane. Ɗan yatsan ne dai bai dawo ba. Da ya kama wani abu siriri sai ya fara lanƙwashewa yana miƙewa, shi kaɗai, har sai ya saki.

Wata uku bayan haka wata tsohuwa ta kawo masa ƙaramar rediyo a ɗaure cikin ɗankwali. Ya buɗe bayanta. Waya ɗaya ce ta saki, aikin minti ɗaya, ɗigon dalma ɗaya. Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauki ƙarfen liƙi, yatsan ya fara, ya ajiye.

Ya mayar da murfin, ya ɗaure mata ɗankwalin da kyau.

"Mama, ki miƙe lungun nan, shago na uku a dama. Ki ce wa mai shagon jar wayar ce, kusa da batir."

"Ai ni kai aka ce mini."

"A da ne, Mama," in ji Badamasi. Ya sa hannun cikin aljihu.