Gwangwanin Farfesa Dolan

Gari na kulle saboda korona aka kira ofishin 'yan sandan Kuala Lumpur daga Ireland. Wata mata ce, Nora, tana kuka. Mahaifinta Farfesa Dolan ya rasu a Kuala Lumpur, an binne shi ba dangi ko ɗaya, ga shi maƙwabciya ta ce gwangwanin azurfarsa ya ɓace.

"Me ke ciki?" in ji Sufeto Rosli.

"Ƙasa. Daga kabarin mahaifiyata, a kangon cocin ƙauyenmu."

Sufeto ya je gidan marigayin a titin Jalan Semarak. Ba a ɓalle ƙofa ba, kwamfuta ma tana kan tebur. Wane irin ɓarawo ne wannan? Maigadi ya ce mutum ɗaya ke da makulli, ɗalibin marigayin, Haliru.

A unguwar Taman Melati, Hureira matar Haliru ta buɗe ƙofa.

"Maigidana bai fita ba tun da aka kulle gari."

Sufeto ya dubi takalman bakin ƙofa. Jar laka ta bushe a jikinsu.

"A falo ake taka wannan?"

Haliru ya fito, idanunsa jajur. Ya san in aka kama shi, tallafin karatunsa ya tafi. Duk da haka ya miƙa gwangwanin, ba komai a ciki.

"Ni na ɗauka. Farfesa ya sha gaya mini cewa a garinsu, wanda aka binne ba ƙasar gida a kansa, ba ya samun kwanciya, yana ta neman hanyar komawa. Kafin a sa masa iskar numfashi ya kira ni, ya ce, Haliru, kada ka bar ni ina yawo. Ni ban yarda da wannan ba, Sufeto. Amma na ce masa to."

"Ina ka zuba?"

"Maƙabartar Kiristoci ta kusa da asibiti. Na haura katanga. Sabon kabari ne a ƙarshen layi, ba suna."

Tausayi ya kama Sufeto. Da safen nan asibiti suka shaida masa cewa a wata maƙabarta can bayan gari aka binne Farfesa.

Nora ta yafe satar, amma karya dokar kulle ba a hannunta take ba. Hureira na kuka aka fita da Haliru.

A mota Haliru ya ce, "Ko ba komai, na sauke alƙawari."

Sufeto ya gyara takunkuminsa, ya tada mota.

"Ka sauke," ya ce.