Rigar da Ba Suna a Bayanta

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Kai kuma ajiye wayar nan, ko in fasa.

Kun san Kawu Mai Keke, wanda ke zama a ƙofar shagon gyaran rediyo da bargo a gwiwa ko ana zafin bazara. Kun taɓa jin an kira shi da sunansa na yanka? To, ku saurara.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, wata ƙungiya ta shirya tuƙin keke daga Sakkwato har nan Gombe, don a tallafa wa yara masu ciwon sikila. Mutum goma sha huɗu suka fita, har da shi. Aka ba kowa farar riga, aka ce ya rubuta sunan yaron da yake yi dominsa a baya. Kowa ya rubuta. Shi ya bar tasa fes.

Ba don ba shi da mara lafiya ba. 'Yarsa ce, ta fari. Kun san mutanen da da kunyar ɗan fari. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. "Yarinyar nan," shi ke nan.

Tanimu, abokin tafiyarsa mai baki kamar reza, kullum sai ya tsokane shi.

"Malam, kai don iska kake wannan wahala?"

"Allah ya san ta," in ji shi.

A rana ta tara, sun wuce Ningi, da hantsi, matarsa ta kira.

"Malam, ciwon ya tashi tun asuba. Likita ya ce jini. An nemi irin nata an rasa, sai naka."

"Tana kuka?"

"Ta daina."

Motar rakiya ta koma baya ɗauko wani da ya faɗi. Titi shiru, ko akori-kura babu. Wani manomi ya nuna masa yanke ta cikin daji, ya ce tana ɓullewa babban titi inda ake samun mota.

Tanimu ya riƙe masa kan keke. "Rana ta kusa tsaka. Ba a shiga nan mutum ɗaya. Jira mota."

Ya fizge kekensa ya shiga.

Yashi. Ƙaya. Ko kukan tsuntsu babu. Yana tuƙi yana lissafin numfashin yarinya. Ruwan gorarsa ya ƙare. Can sai ya ji ƙararrawa a bayansa, sau ɗaya.

Kowane keke yana da kuka, ko sabo ne. Wannan babu. Ba sarƙa, ba taya.

"Sannu da ƙoƙari," aka ce. Shi mai gyaran rediyo ne, ya san muryar. Irin wadda ake ji tsakanin tasha da tasha.

Bai waiwaya ba. Ya sunkuya, ya leƙa ta ƙarƙashin hammata. Ga tayar gaba, ba ta barin sawu a yashi. Ga feda tana juyawa da baya. Ga ƙafafu a kanta, diddige na gaba, yatsu na baya.

Ya nemi addu'a a bakinsa, yawu ma babu.

"Na duba bayanka ban ga komai ba," in ji muryar. "Don wa kake yi?"

Ya ƙara wuta. Sarƙarsa ta tsinke. Ya faɗi a gwiwa cikin yashi mai ƙuna, ya rarumo sarƙar, ta ƙi haɗuwa. Sai ya fashe da kuka, babban mutum da gemu.

"Ba za ka isa ba," aka ce a saitin kunnensa. "Ni ina isa yanzu. Faɗa mini sunanta. Ba za ta sake jin ciwo ba har abada."

Kada wani ya ce muku jarumta ya yi. Ni da bakinsa ya gaya mini: ya yarda. Shekara goma sha biyu yana kallon yarinya tana cizon filo. Bai tsaya tambayar wane irin rashin ciwo ake nufi ba. Ya buɗe baki zai faɗa.

Harshe ya ƙi.

Ya sake. Sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya kamar ƙashin kifi. Bakin da bai taɓa faɗa a gaban matarsa ba, ya ƙi faɗa a gaban baƙo.

"Ina jira."

Sai ya faɗi nasa sunan.



"Ba shi na tambaya ba," in ji muryar. "Amma na karɓa."

Wani hannu mai sanyin ƙanƙara ya sauka a tsakiyar bayansa ya tura. Ya ga itatuwa sun narke sun zama abu ɗaya. Da ya buɗe ido, yana ƙofar asibiti a Gombe, ana kiran azahar, tsinkakkiyar sarƙa na hannunsa. Tafiyar da ta ci wa sauran kwana biyu.

Aka ɗebi jini. Kafin la'asar yarinya ta nemi kunu.

Da Tanimu ya iso, ya ɗaga rigar Kawu daga kan kujera, ya juya ta. A bayan da aka bari fes, ga sunan Kawu, baƙi ƙirin, kamar an ƙona shi da ƙarfe. Shi da Kawu suka binne rigar a bayan gari.

Yarinyar kun san ta. Ita ce telar bayan kasuwa, mai 'yan biyu. Har yau tana shan maganinta, tana zuwa asibiti. Shi kuwa tun ranar bai sake hawa keke ba. Kullum rana ta take tsaka, ƙashin gwiwarsa ya kama ciwo, sai ya ji ana kiran sunansa daga bayan shago, a hankali. Shi ya sa ya hana kowa kiransa da shi. In an kira, ba ya iya bambance wa ke kira, kuma sau ɗaya kawai ake jira ya amsa.

Don haka in tafiya ta kai ku bayan Ningi, ku bi titi, ku bi jama'a. Kowace irin gaggawa ce, kada ku yanke ku kaɗai.

Me ka ce? Mene ne sunan nasa?

Rufe mini baki. Wa ya gaya maka mu kaɗai ne ke sauraro?